Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Farin Halitta a Wajen Hindu da a Wajen Masana Kimiyya

A cikin darussan da aka ɗora mana lokacin da nake karatun digiri na biyu a fannin fiziks a wata jami'a da ke kudancin Indiya, akwai na tarihin kimiyya da falsafarta, wanda yawancin ɗalibai suka ɗauka a matsayin cikon benci. A ƙarshen zango aka ba ni aikin rubuta maƙala da za ta kwatanta yadda addinin Hindu yake bayanin Ubangiji da farin halitta da yadda masana kimiyya suke bayanin asalin sararin samaniya da na rayuwa. Bahaushe ya daɗe da sanin Indiya ta hanyar fina-finai, shi ya sa idan aka ce masa Hindu, abin da zai fara zuwa ransa shi ne ɗakin bauta mai ƙararrawa, da gunki mai hannu huɗu, da mace riƙe da farantin fitila tana kewaya shi da ita. Duk wannan akwai shi, amma fatar al'amarin ke nan, kuma wanda ya tsaya a kanta ba shi da abin da zai kwatanta da kimiyya.

Abin da ya fara bayyana gare ni shi ne cewa babu wata aƙida guda da za a nuna a ce ita ce ra'ayin Hindu game da Ubangiji, domin ba su da annabi ɗaya da kowa ke komawa gare shi, ba su kuma da majalisar da ke yanke wa kowa hukunci. A cikin Upanishad (rukunin tsofaffin littattafan hikima na Hindu) mai suna Brihadaranyaka akwai muhawarar da aka tambayi malami Yajnavalkya yawan alloli, ya ce 3,306. Mai tambaya ya ce ya ji, amma a haƙiƙa su nawa ne, sai ya ce 33. Aka yi ta matsa masa yana ragewa, daga shida zuwa uku, zuwa biyu, zuwa ɗaya da rabi, har ya tsaya a kan ɗaya. Wannan ɗayan shi suke kira Brahman, tushen dukkan samuwa, kuma shi daban ne da Brahma, abin bautar nan mai fuska huɗu da ke tsara duniya a kowane zagaye, wanda a nasu bayanin shi ma ana haifarsa kuma yana da ajali.

Yadda Brahman yake da duniya kuwa shi ne inda manyan malamansu suka rabu. Shankara, mutumin Kerala da ya rayu wajen ƙarni na 8, ya koyar da cewa Brahman kaɗai ne tabbataccen samamme, duniyar da muke gani da yawan abubuwanta kuwa ya misalta ta da igiyar da mutum ya gani da almuru ya zaci maciji ne, ruɗin da ke gushewa da zarar an kawo fitila. Ramanuja, wanda ya yi zamani a ƙasar Tamil tsakanin ƙarni na 11 da na 12, bai yarda da haka ba, a wajensa duniya da rayuka tabbatattu ne, matsayinsu ga Ubangiji kuwa matsayin jiki ne ga rai. Madhva ya zo a ƙarni na 13 a garin Udupi ya ce Ubangiji daban, rai daban, duniya daban, kuma wannan bambanci ba zai taɓa gushewa ba. Wanda ya taɓa zama inda malamanmu ke jayayya a kan wahdatul wujud, wato kaɗaitar samuwa, zai ji ƙamshin wannan muhawara, ko da yake tushen kowacce daban ne.

Akwai ma waɗanda suka wuce nan. Mazhabar Samkhya a tsohuwar surarta ba ta da mahalicci, ta ce duniya tana fitowa ne daga wani asali marar rai idan ya kusanci rayuka. Malamin mazhabar Mimamsa Kumarila Bhatta, wajen ƙarni na 7, ya kawo hujjoji yana rushe batun mahalicci, alhali yana daga cikin waɗanda suka fi kowa kare littattafan Veda, mafi daɗewar nassoshin addinin. A ɗaya ɓangaren, Udayana na mazhabar Nyaya, wajen ƙarshen ƙarni na 10, ya tsaya kai da fata cewa duk abin da aka harhaɗa yana buƙatar mai harhaɗawa, yadda tukunya ke buƙatar magini. Dukkansu ana lissafa su cikin mazhabobi shida da suka yarda da Veda. Saboda haka duk wanda ya ce addinin Hindu ya dace da kimiyya, ko ya ce ya saɓa mata, sai a fara tambayarsa wanne daga ciki yake nufi.

A nan na ƙaru ƙwarai da Abu Raihan al-Biruni, wanda ya shiga Indiya a zamanin Sarki Mahmud na Gazna, ya koyi harshen Sanskirit, ya kammala littafinsa a kan ƙasar wajen shekarar 1030. Ya bambanta abin da masu ilimi a cikinsu suka yi imani da shi, wato abin bauta ɗaya marar farko marar ƙarshe, da abin da gama-garin mutane ke yi, kuma tun a gabatarwa ya ce aikinsa shi ne ya kawo maganarsu yadda take, ba raddi ya zo yi ba. Musulmi ne da bai bar addininsa ba, amma bai ga cewa riƙo da addini ya ba shi lasisin yi wa wasu ƙage ba. A kan wannan ma'auni na yi ƙoƙarin tsayar da maƙalata.

Game da halitta kanta, babban bambancin da ke tsakaninsu da abin da muka tashi a kai shi ne yawancin mazhabobinsu ba su yarda an samar da duniya daga babu ba. A cikin Upanishad na Chandogya, Uddalaka ya tambayi ɗansa Shvetaketu ta yaya samuwa za ta fito daga rashi, a wani Upanishad ɗin kuma an misalta Brahman da gizo-gizo, wanda ke fitar da zare daga jikinsa ya kuma janye shi. Duniya tana bayyana, ta daɗe, ta narke, ta sake bayyana, kuma wannan zagaye ba shi da farko. Suna da dalili a kan haka daga cikin aƙidarsu: idan bambancin da ke tsakanin mutane a haihuwa, wani cikin daula wani cikin wahala, sakamakon ayyukan rayuwar da ta gabata ne, to ba za a taɓa samun rayuwa ta farko da babu aiki a bayanta ba. Da aka tambaye su me zai sa wanda ba ya buƙatar komai ya yi halitta, sai suka ce wasa ne kawai, irin na wanda ya wadatu. Ɗalibin da ya karanta tauhidi a zaure ya san kishiyar wannan, cewa duniya fararriya ce kuma kowane fararre yana buƙatar wanda ya fare shi, ya kuma san cewa batun rashin farkon duniya yana cikin mas'aloli uku da Imam Gazali ya kafirta masana falsafa a kansu, har Ibn Rushd ya zo daga baya ya mayar masa da martani. Tambayar ba baƙuwa ba ce a gidanmu.

Akwai wata waƙa a kashi na goma na Rigveda, mafi tsufa a littattafan Veda, ta 129, wadda kusan duk mai magana a kan wannan batu yake kawowa. Ta fara da cewa a lokacin babu samuwa kuma babu rashi, babu dare babu rana, duhu ne lulluɓe da duhu. Ta ce alloli ma daga baya suka zo, don haka wa zai iya faɗin inda halitta ta fito, sannan ta rufe da cewa wanda ke kallo daga sama mafi ɗaukaka shi ya sani, ko kuma watakila shi ma bai sani ba. An tsara ta kimanin shekara 3,000 da suka wuce, kuma har yanzu tana da ƙarfi ga mai karatu. Wasu na cewa ita ce farkon shakka irin ta kimiyya. Ni a ganina tawali'u ne na mai hikima da ya kai iyakar abin da harshe zai iya faɗa, alhali shakkar masanin kimiyya tana zuwa ne tare da hanyar da za a bi a rage ta.

Inda aka fi zamewa shi ne wajen lissafin zamani. Littattafan Purana, na labaran alloli da zamunan duniya, sun raba lokaci zuwa zamuna huɗu: Kali mai shekara 432,000, Dvapara mai ninki biyu na wannan, Treta mai ninki uku, da Krita mai ninki huɗu, jimilla shekara 4,320,000. Irin wannan jimilla sau dubu ita ce kalpa, yinin Brahma guda, wato shekara biliyan 4.32. Masana kimiyya kuwa sun ce shekarun ƙasar da muke takawa biliyan 4.54 ne. Ranar da malaminmu ya rubuta lambobin biyu kusa da juna a allo, ajin ya ɗauki guna-guni na jin daɗi, shi kuwa bai ce komai ba, sai ya ƙara alamar ƙari da ragi a gefen ta biyun, ya juyo ya tambaye mu abin da za a rubuta a gefen ta farkon. Babu wanda ya amsa, domin kalpa ba ta da tazarar kuskure, ba auna ta aka yi ba, an gina ta ne daga 432,000 da tsarin huɗu, uku, biyu, ɗaya.

Lambar ta biyu kuwa tana da tarihin wahala a bayanta. Clair Patterson, Ba'amurke, shi ya fitar da biliyan 4.55 a shekarar 1956, da tazarar kuskure ta shekara miliyan 70, ta hanyar auna nau'o'in darma a cikin duwatsun da suka faɗo daga sama, har da na ramin Canyon Diablo da ke jihar Arizona, domin yuraniyom yana rikiɗewa ya zama darma a kan ƙa'idar lokaci da aka sani. Darmar da ke yawo a iska da ƙura ta riƙa ɓata masa awo har sai da ya gina ɗakin gwaji mai tsananin tsafta, kuma daga nan ne ya shiga yaƙi da zuba darma a man fetur. Duk wanda ke da kayan aiki zai iya maimaita awon ya ƙaryata shi idan ya samu saɓani. Ban da haka, mai son daidaita lambobin yana zaɓe ne bayan ya riga ya ga amsa. A lissafin Purana abin da ya shige daga kalpar da muke ciki kimanin shekara biliyan 1.97 ne, yini da daren Brahma biliyan 8.64, dukan rayuwarsa kuwa sama da tiriliyan 311, kuma babu ɗaya a ciki da ya yi daidai da biliyan 13.8 da ake ba sararin samaniya. Carl Sagan, masanin taurari Ba'amurke, wanda ake yawan kafa hujja da yabon da ya yi wa wannan lissafi a 1980, da bakinsa ya ce dacewar ta katari ce. Kama da Wane ba Wane ba ne.

Duk da haka akwai yabon da ya cancance su, kuma rashin adalci ne a hana su. A lokacin da Bishop James Ussher na Ayalan yake lissafa cewa an yi halitta a shekara ta 4004 kafin haihuwar Annabi Isa, abin da ya wallafa a 1650, mutanen Indiya sun riga sun shafe ƙarnoni suna tunani da biliyoyin shekaru ba tare da gabansu ya faɗi ba. Kuma kimiyya ta gaske ta tsiro a cikinsu. Aryabhata, a shekarar 499, ya yi amfani da zagayen shekara 4,320,000 wajen lissafin tafiyar taurari, ya ce ƙasa tana juyawa a kan kanta, ya kuma ce husufi inuwa ce. Brahmagupta, a 628, ya soke shi saboda ya saɓa wa nassi, ya kare labarin dodo Rahu mai haɗiye rana da wata, alhali shi kansa da lissafin inuwa yake gano ranar husufi. Al-Biruni ya lura da wannan ya kuma zarge shi da faɗin abin da ya san ba haka yake ba don gudun fushin malaman addini.

Batun juyin halitta bai buƙaci dogon bayani ba. Tun ƙarshen ƙarni na 19 wasu suke cewa jerin bayyanar abin bautarsu Vishnu guda goma, kifi, kunkuru, gadu, rabin mutum rabin zaki, wada, sannan cikakkun mutane, shi ne ka'idar Darwin tun kafin Darwin. Amma jerin ba ɗaya ba ne a littattafansu, Bhagavata Purana ta lissafa 22 da wani tsari daban, kuma labaran suna magana ne a kan saukowar abin bauta don ceton duniya. Abin da Darwin ya kawo a 1859 kuwa shi ne hanyar da sauyin ke faruwa, wato bambanci tsakanin 'ya'ya, da gado, da tacewar da muhalli ke yi, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu a labarin. Su kansu mabiyan ba bakinsu ɗaya ba. A watan Janairun 2018 ƙaramin ministan ilimi mai zurfi na Indiya, Satyapal Singh, ya ce ka'idar kuskure ce tunda babu wanda ya ga biri ya zama mutum, manyan cibiyoyin kimiyya uku na ƙasar kuma suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa suna ƙaryata shi.

Ba zai yiwu in auna wasu da wannan mudu in ɓoye shi idan an zo kanmu ba. Mu ma muna da masu ɗaukar aya ta 30 a Suratul Anbiya, ko ta 47 a Suratuz Zariyat, su ɗora su a kan ka'idar faɗaɗar sararin samaniya, musamman tun bayan littafin likitan Faransa Maurice Bucaille na 1976. Niyyar mai kyau ce, amma hanyar ita ce dai wadda na gani a wajen abokan karatuna 'yan Hindu: a jira masu awo su gama wahala, sannan a koma nassi a nemo abin da ya yi kama. Imam Shaɗibi na Andalus ya yi gargaɗi a kan cusa wa Alƙur'ani ilimomin da ba don su aka saukar da shi ba tun a ƙarni na 14. Haɗarin a fili yake, domin wanda ya ɗaure aya a jikin ka'ida ya ba da ita jingina ga abin da gobe za a iya gyarawa.

Tarihin ka'idar Babbar Fashewa, wadda ake kira Big Bang, shi ya fi nuna mini inda bambancin yake. Georges Lemaître, limamin cocin Katolika ɗan ƙasar Beljiyam, shi ya nuna a 1927 cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, awon Edwin Hubble na 1929 ya ƙarfafa haka, a 1931 kuma Lemaître ya ce idan aka bi faɗaɗar baya za a kai ga wani mafari. Fred Hoyle da abokansa biyu suka fito da kishiyarta a 1948, cewa sararin samaniya ba shi da farko kuma kamanninsa ba sa canzawa, kuma Hoyle ne ya raɗa wa ka'idar abokan hamayyarsa suna a wani shirin rediyon BBC a 1949. Abin da ya raba gardama ya zo ne daga wata eriya a jihar New Jersey, inda Arno Penzias da Robert Wilson suka yi ta jin wata 'yar ƙara mai naci daga kowace kusurwa ta sama, har suka kori tattabarun da suka yi sheƙa a ciki suka goge kashinsu, ƙarar ba ta tafi ba. A 1965 aka gane cewa ragowar zafin farko ne, wanda a yau yake kimanin digiri 2.7 kacal a ma'aunin Kelvin, ma'aunin da ke farawa daga matuƙar sanyi. Ka'idar Hoyle ba ta da gurbin wannan zafi, sai mafi yawan masana suka bar ta.

Mutane biyu a wannan labari sun tsaya mini a rai. Da Fafaroma Pius na 12 ya ce a 1951 kimiyya ta tabbatar da halitta, Lemaître bai ji daɗi ba, ya nemi a daina haɗa biyun, domin ya san lissafinsa yana bayanin yadda abu ya faɗaɗa ne daga yanayi mai tsananin zafi da cunkoso, kuma lissafin yana rushewa kafin a kai ga lokacin farko kansa. Jayant Narlikar kuwa, ɗalibin Hoyle da ya kafa cibiyar nazarin taurari a Pune a 1988, ya zauna a kan ra'ayin sararin samaniya marar farko har ƙarshen rayuwarsa, amma da lissafi yake kare shi, bai jingina shi da Purana ba, kuma yana cikin waɗanda suka yi adawa da shigar da ilimin duba cikin jami'o'in Indiya a 2001.

Na ga irin wannan rabewa da idona a ɗakin gwajinmu ranar Ayudha Puja, bikin da ake yi wa kayan sana'a a kwana na tara na Navaratri, wani babban biki na Hindu mai darare tara. An share ɗakin tas, an ɗaura ganyen ayaba a bakin ƙofa, an rataya wa kowace na'ura sarƙar furanni, an ɗiga mata ƙullin icen sandal mai ƙamshi da jan gari, har da tsohuwar kwamfutar da ke lungu, sannan aka raba fasasshiyar shinkafa da mazarƙwaila, ranar kuma ba a kunna komai ba. Ni na tsaya daga gefe, babu kuma wanda ya matsa mini. Washegari abokiyar aikina, wadda ita ce ta jagoranci adon, ta cire furannin ta fara daidaita na'urar daga farko, ta ce mini godiyar jiya tata ce, amma na'ura ba ta san an yi mata ado ba, idan ba a daidaita ta ba ƙarya za ta faɗa.

Saura batun zagaye, wanda shi ne ya fi kama da hoton Hindu, kuma kimiyya ba ta rufe shi ba. Richard Tolman ya nuna tun 1934 cewa idan sararin samaniya yana faɗaɗa yana tsukewa, kowane zagaye zai fi na bayansa tsawo saboda zafin da ke taruwa, don haka idan aka koma baya zagayen suna gajarcewa har a sake cin karo da mafari. A 1998 ƙungiyoyi biyu masu auna taurari masu fashewa suka gano cewa faɗaɗar ƙara sauri take yi, abin da ya raunana zaton tsukewa. Paul Steinhardt da Neil Turok, haka ma Roger Penrose, sun kawo sababbin ka'idoji na zagaye, amma babu wadda awo ya tabbatar. A 2024 da 2025 aikin DESI, wanda ke amfani da madubin hangen nesa na Kitt Peak a Arizona yana auna miliyoyin gungun taurari, ya ba da alamar cewa ƙarfin da ke ingiza faɗaɗar watakila yana raguwa, masu aikin kuma da kansu suka ce alamar ba ta kai matsayin tabbaci ba tukuna. A zaurenmu na WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, ranar da labarin ya fito wani ya turo saƙo cewa Purana ta riga ta faɗa, wata kuma ta tambaye shi a wane babi aka ba da adadin raguwar.